Tiyatar kogunan hanci: ba a tsaga fuska, amma a saurara

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen Gusau da Ƙaura Namoda. Ina magana daga Graz ta ƙasar Ostiriya, sanyi na neman kashe ni, kuma raina a ɓace yake. Saƙonni ke ta shigowa wai mutane na gudun aikin hanci don kada a fasa musu fuska. Haba! Wace fuska? A garin nan likita Messerklinger da almajirinsa Stammberger suka kafa salon yin aikin ta cikin hanci ba tare da tsaga fuska ba, likita Kennedy ya yaɗa shi a Amurka a 1985. Mu da muke koyo a tushensa, ku bar mu mu ɗan yi taƙama.

Ƙasusuwan fuska na da kogunan iska guda huɗu a kowane gefe: a kunci, a goshi, tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowanne na da 'yar ƙofar da majina ke fita. Kamar indararo ne, in ya toshe ruwa ya kwanta a soro. Daga nan sai nauyin fuska, majina mai kauri, da rashin jin ƙamshi.

A da ta ƙarƙashin leɓen sama ake yanka a huda ƙashi. Yanzu ta ƙofar hanci ake shiga da siririyar na'ura mai kyamara da fitila, kaurinta milimita 4. Akwai mai kallon gaba, akwai masu leƙen kwana na digiri 30, 45 da 70. Bayan allurar barci, a cusa auduga mai maganin tsuke jijiyoyi don jini ya ragu. A cire wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da ya tare hanya, a faɗaɗa ƙofar kogon kunci, a buɗe ƙananan ɗakunan tsakanin idanu ɗaya bayan ɗaya. Na goshi ne ƙarshe, shi ya fi wuya don hanyarsa matsattsiya ce. In akwai tsiron nama, wani inji ke aske shi yana zuƙewa. Da yawa ranar suke komawa gida.

To ga inda nake jan kunne. Bangon da ya raba hanci da ido bai kai milimita ɗaya ba, sama kuma ƙwaƙwalwa ce. Duk likitan da ya ce zai shiga ba hoton CT, wato hoton da ke nuna ƙasusuwa da kogunan fuska dalla-dalla, ɗauki takalminka. Kuma ba kowace mura ake wa tiyata ba: sai ciwo ya wuce mako 12, an yi wankin hanci da maganin fesawa an gaji. Ɗigon buɗe hancin nan da ake saye a kemis kuwa, wuce 'yan kwanaki da shi, shi da kansa zai toshe ka.

Wallahi ina kewar hunturun gida, har da hazon, ko da yake ƙurar nan ce ke cika mana asibiti da masu atishawa. Nan ba ƙura, sai dusar ƙanƙara da tsada. Robar wankin hanci kawai kusan yuro goma!

Bayan aiki, kada ka fyace majina har mako ɗaya zuwa biyu, atishawa kuma baki buɗe. Ba ɗaukar kaya, ba asfirin. Tambayi likitanka batun sujada da shaƙa ruwa a alwala kafin a sallame ka. Wankin hanci shi ne rabin aikin: ruwa mililita 240 da aka tafasa ya huce, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, safe da yamma. Wanda ya yi kasala, ɓawo ya taru, nama ya manne, ƙofar ta sake rufewa. Masu asma su sani tsiron kan dawo, kada su ajiye maganin fesawa.

In ka ga ruwa garai-garai mai gishiri na ɗiga ta hanci ɗaya idan ka sunkuya, ko ido ya kumbura, ko kana ganin abu biyu-biyu, ko haɓo ya ƙi tsayawa, kada ka jira gari ya waye. Daga Gusau, nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro mafi kusa, ko a miƙa ka asibitin koyarwa na Sakkwato.