Idan boila ta mutu a tsakiyar sanyi: yadda ake taɓa kuɗin ko-ta-kwana

Laccar da aka gabatar ga Hausawa mazauna Ingila, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da fitowa cikin wannan sanyi.

An ce in yi magana a kan kuɗin ko-ta-kwana, ajiyar da magidanci ke yi don ɓacin rana. Zan ɗaure maganar a kan abu ɗaya da ke faɗo wa gida ba sallama a ƙasar nan, wato boila, na'urar da ke ɗumama ɗakuna kuma take ba mu ruwan zafi. Sanyin nan ba hunturun Kano ko Damagaram ba ne, da za ka ƙara bargo ka jira hantsi. Hukumomin lafiya na ƙasar nan sun ce kada zafin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18, kuma wannan ya fi nauyi inda akwai tsoho, jariri, mai asma, ko mai sikila, domin sanyi na tayar da ciwon sikila, mu kuwa muna da masu shi da yawa. Saboda haka mutuwar boila a watan Janairu lalura ce ta gaske, kuma don irinta aka yi ajiyar. Kada wani ya bar iyalinsa cikin sanyi yana ƙyashin taɓa kuɗin. Abin da nake so mu koya shi ne kada a taɓa su a inda ba a buƙata, kuma idan za a taɓa, a san nawa.

Tambayar farko: gyaran nan na wane ne? Da yawanmu 'yan haya ne. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran na'urorin ɗumama gida da na ruwan zafi. Ba alfarma yake yi maka ba. Dokar 1998 kuma ta wajabta masa ya kawo injiniya ya duba kayan gas duk shekara, ya ba ka takardar shaida. Idan boila ta tsaya, ka rubuta masa saƙo nan take, da kwanan wata da hoton lambar da ke fitowa a fuskar na'urar. Kiran waya kawai ba ya barin shaida. In ya yi ta ja maka rai, ka kai ƙara sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku. Kada ka riƙe kuɗin haya don huce haushi, domin bashin haya na iya zama hujjar korarka. Ɗan haya, abin da zai fita daga ajiyarsa bai kamata ya wuce kuɗin hita ta lantarki da ƙarin kuɗin wuta ba.

Wanda ya mallaki gida, shi ma kada ya yi saurin kiran injiniya, domin kuɗin zuwa kawai ake cajinsa ko da minti biyar aka yi, kuma da dare ko ƙarshen mako ya fi tsada. Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. In mitarka ta kati ce, duba ko kuɗin gas ya ƙare. Duba batirin na'urar saita zafi da ke jikin bango. Sannan ka dubi agogon matsin ruwa da ke gaban boilar. Idan tana sanyi, allurar ta zauna tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa da haka sosai, boila da yawa suna ƙin kunnuwa don kare kansu. A ƙarƙashinta akwai ɗan bututu mai makunni ɗaya ko biyu na ƙara ruwa. Ka buɗe a hankali, idonka a kan allura, da ta kai wajen 1.3 ka rufe sosai. Littafin na'urar ya nuna wurin, kuma ana samunsa a intanet da sunan samfurinta.

Sai dai a kula da wannan. In ka ƙara ruwa yau, bayan kwana uku ya sake sauka, daina ƙarawa. Ko dai akwai yoyo, ko kuma tankin da ke shanye kumburin ruwa ya rasa iskarsa. Alamar na biyun a fili take: da an kunna ɗumama, allura ta haura har wajen 3, bawul ɗin kariya ya buɗe, ka ga ruwa na ɗiga daga siririn bututun jan ƙarfe da ke bayan bango a waje, in ta huce kuma allura ta faɗi ƙasa. Sau da yawa hura wa tankin iska kawai injiniya zai yi. Amma duk sabon ruwan da kake ƙarawa yana shigo da iskar da ke cin ƙarfe, yana kuma tsinka maganin hana tsatsa da ke cikin bututai. A haka ƙaramin gyara ke zama babba.

Akwai kuma matsalar da ke zuwa daidai ranar da aka fi tsananin sanyi. Tun 2005 kusan duk boilar gas da ake sakawa a nan irin mai fitar da ɗan ruwa ce ta farin bututun roba zuwa magudana. In bututun ya bi ta waje, ruwan na daskarewa, ya toshe, boila ta riƙa ƙarar gurguri sannan ta kashe kanta. A tsananin sanyin ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2018 gidaje masu yawa sun rasa ɗumi saboda wannan kaɗai. Maganinsa ruwan ɗumi ne, ba tafasasshe ba, don tafasasshe na iya fasa robar. A zuba a kan bututun, musamman a gwiwarsa da bakinsa, sannan a danna maɓallin sake kunnawa. In bututun yana sama, kada a hau tsani a kan ƙanƙara. Kuma in ka danna maɓallin sau biyu ta sake mutuwa, ka ƙyale ta haka.

Iyakarka ke nan. Murfin boila ba naka ba ne, ba na ɗan'uwa mai hannu da gyare-gyare ba ne. Doka ta ce injiniyan da ke cikin rajistar masu izinin aikin gas, wato Gas Safe, kaɗai zai taɓa kayan gas, rajistar da ta fara aiki a 2009. Ka nemi katinsa, ka duba bayansa ka ga an rubuta yana da izinin aikin boila, ka tabbatar da lambarsa a shafinsu. In kun ji warin gas, ku buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita waje a kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Iyayenmu mata, ina roƙonku da Allah a kan abu ɗaya. A gida mun saba da kaskon gawayi lokacin hunturu, amma ɗakunanmu na can iska na ratsa su. Gidajen nan an toshe su ruf don riƙe ɗumi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mutum ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Haka barin murhun gas ko tandar gashi ta gas a kunne don ɗumama gida. Lalatacciyar boila ma na iya fitar da ita, alamarta harshen wuta ya koma rawaya maimakon shuɗi, ko baƙin tabo a jikin na'urar. Ƙararrawar gano wannan iska ba ta da tsada, kowane gida ya saka.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Abu na farko da ya kamata ajiyarka ta saya maka shi ne lokaci. Mutumin da 'ya'yansa ke rawar ɗari duk farashin da aka faɗa masa zai ce to. Ka sayi hita ɗaya ko biyu mai mai a ciki, ku taru a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa. Hita mai kilowat 2 tana cin yunit 2 a awa in tana aiki ba tsayawa. In yunit yana kan peni 25, awa 10 zai ci fam 5 a rana. Da tsada, amma kwana uku ko huɗu na haka sun fi araha a kan amincewa da farashin farko. A jona ta kai tsaye a soket na bango, ba a kan wayar ƙari ba, kuma kada a shanya kaya a kanta.

Kafin ka biya kowa, nemo takardun boilar. Kamfanoni irin su Worcester Bosch, Vaillant, Ideal da Baxi suna ba da garanti na shekaru, wasu samfuran har 10. Sharaɗinsa shi ne a yi mata sabis duk shekara, injiniya ya sa hannu a littafinta. A nan mutane ke yin asara: don gudun kuɗin sabis na wajen fam 100, sai su rasa garantin da zai biya gyaran fam 400. Mai inshorar boila shi ma ya karanta takardarsa, domin yawanci akwai kason da zai biya daga aljihunsa a kowane gyara, ba sa biyan matsalar da ta riga shigarsa, wasu kuma ba sa karɓar tsohuwar boila. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan abin da tsufa ya kashe.

In gyara ya kama, ka sa injiniya ya faɗa maka sunan abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa. Abubuwan da aka fi canzawa su ne famfon da ke zagaya ruwa, fanka, allon lantarki, da bawul ɗin da ke karkata zafi tsakanin radiyeta, wato ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, da ruwan wanka. Wannan bawul in ya maƙale, sai ka ga radiyetoci na ɗaukar zafi duk lokacin da aka buɗe ruwan zafi, ruwan wankan kuma ya zo da ɗumi-ɗumi. Irin waɗannan gyare-gyare yawanci suna faɗowa tsakanin fam 150 da 500, gwargwadon gari da samfuri, London ta fi tsada. Dalilin lalacewar ya fi kayan muhimmanci. In radiyeta na sanyi a ƙasa tana zafi a sama, baƙin laka na tsatsa ne ya taru, kuma shi ne ke kashe famfo. Ka saka sabon famfo ba a wanke bututai ba, ba a saka matatar maganaɗisu ba, za ka sake biya. In kuwa sama ce ke sanyi, iska ce kawai, ɗan makulli na fam 1 ko 2 zai fitar da ita. Mazauna London da kudu maso gabas, ruwanku na da farar ƙasa da yawa. In boila na ƙara kamar butar shayi, ita ce ta daskare a cikin sashen da ke dafa ruwan, wanda yana cikin mafi tsadar kayanta.

A gyara ko a canza? Boila kan yi shekara 10 zuwa 15. Sabuwa da kuɗin sakawa, a yawancin gidaje, ka sa ran fam 2,000 zuwa 3,500. Ra'ayina shi ne, in ta haura shekara 12 kuma gyaran ya kai sulusin kuɗin sabuwa, ko kuma wannan ne gyara na biyu cikin shekara guda, kuɗin gyaran zubarwa ne. In ba ta kai shekara 8 ba, a gyara. Ka nemi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kowanne ya nuna ko ya haɗa da wanke bututai, matata da haraji. Kada ka biya duka kafin a gama aiki.

To nawa za a ajiye? Shekarun boilarka ne za su faɗa maka. Matakin farko fam 500, wanda zai ɗauki gyara ɗaya da hita. Daga nan ka nufi kuɗin sabuwa. Mai boila 'yar shekara 8, in yana ware fam 50 duk wata, cikin shekara 4 yana da fam 2,400, daidai lokacin da ta fara tsufa. Ka umarci banki ya riƙa cire kuɗin da kansa ranar da albashi ya shigo, zuwa wani asusu daban wanda za ka iya ɗiba a rana ɗaya. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan Musulunci a nan irin su Al Rayan da Gatehouse, ya dai duba kada ya zaɓi asusun da ake kulle kuɗi na shekara ko mai buƙatar sanarwar watanni.

Adashe yana da amfaninsa, amma ba ya zama kuɗin ko-ta-kwana, domin ɗibarka na iya kasancewa a watan Yuni, boila kuwa ta mutu a Disamba. Haka kuɗin da ka tura gida aka sa a fili ko gini. Na san nauyin da ke kanmu na iyaye da 'yan'uwa, kuma ba na cewa a rage zumunci. Amma da yawanmu bizarsu ta hana su tallafin gwamnati, babu wanda zai tare musu. Masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit da suka cika sharaɗi su nemi shirin ajiya na Help to Save: kana ajiye har fam 50 a wata, gwamnati na ƙara peni 50 a kan kowace fam, tsawon shekara 4. Gidan da ke da tsoho, naƙasasshe, ko yaro ƙasa da shekara 5 kuma ya kira kamfanin gas ɗinsa ya shiga rajistar waɗanda ake ba fifiko wajen taimako, kyauta ce.

Alhaji a baya yana tambaya: in ajiyar ba ta kai kuɗin sabuwa ba fa? Alhaji, kada a kwashe ta ƙaf har a taɓa kuɗin haya ko na biyan bashin gida, domin kuɗin gas na watannin sanyi na nan tafe. A tambayi injiniya ko akwai ƙaramin gyara, marar haɗari, da zai kai ta bazara, lokacin da masu sakawa ba su da cunkoso kuma akwai damar ciniki. In canji ya zama dole, a biya abin da ajiya za ta iya, sauran a nemi rance marar ruwa wurin ɗan'uwa, a rubuta shi da ranar biya kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. Biyan wata-wata da kamfanonin sakawa ke tallatawa, a tambayi jimillar abin da za a biya a ƙarshe a kwatanta da farashin kuɗi hannu, a nan kuɗin ruwan ke ɓuya. Da an gama aikin, a karɓi takardar shaida, a tabbata an yi wa garantin rajista cikin wa'adin da kamfani ya sa, sannan a watan da ke biye a mayar da cirar wata-wata zuwa asusun, ko da fam 20 ce.