Daga Kasuwar Garwa: Farfesa Cani da Ƙwayoyin da Ke Cikin Hanjinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Yau ina magana da ku ne daga layin masu hatsi a kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, inda neman abinci ya kawo ni daga Kano. Ga masakwa da gero a buhuna, ga garin kuka da busasshiyar kuɓewa a faranti, can gefe kuma mai shayi yana tsaga dogon burodi yana kwarara masa madarar gwangwani mai zaƙi. Na zaɓi wurin nan ne domin in ba ku labarin wani masani ɗan Beljiyam, Farfesa Patrice Cani na jami'ar Luban, wanda ya shafe rayuwar aikinsa yana binciken alaƙar bakteriyar hanji da ƙiba da ciwon sukari.

Da ilimin abinci ya fara, kuma digirinsa na uku, a ƙarƙashin Farfesa Nathalie Delzenne, ya duƙufa ne kan wani sashe na abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, amma ƙwayoyin hanji suke rayuwa a kansa. Irin wannan sashe yana da yawa a ganye da wake da dusar hatsi, wato dusar nan da muke surfewa mu zuba wa awaki.

Sunansa ya fito a 2007, bayan aikin da ya yi a birnin Tulus na Faransa tare da wani masani mai suna Rémy Burcelin. Sun ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo sosai na mako 4, sai suka ga wani sinadari daga jikin bakteriyar hanji ya ninka biyu zuwa uku a jininsu. Da suka riƙa ɗura sinadarin kaɗai a jikin ɓerayen da ke cin abincinsu na yau da kullum, su ma sai suka ƙara nauyi, sukarin jininsu ya hau. Ma'ana, idan bangon hanji ya yi rauni yakan yi yoyo, abin da ya ɓulle kuma ya tayar da kumburi na ɓoye wanda ke hana insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, aiki yadda ya kamata.

Daga nan ya koma kan wata ƙwaya mai suna Akkermansia, wadda aka gano a Holan a 2004, mai zama cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji. A 2013 ayarinsa ya nuna cewa tana rage ƙiba a ɓeraye, daga baya kuma, abin mamaki, suka tarar wadda aka kashe da zafi ta fi mai rai tasiri. Sai a 2019 aka fitar da gwajin farko a kan mutane: mutum 32 ne suka kammala watanni 3, kuma waɗanda suka sha wadda aka kashe da zafi sun samu sauƙi a aikin insulin da kitsen jini.

A ganina, shekara 12 tsakanin ɓera da mutum 32 ta isa ta sanyaya gwiwar masu tallar maganin tumbi a intanet. A 2021 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta amince cewa ana iya cin Akkermansia da aka kashe da zafi a matsayin abinci, ba ta ce tana warkar da ciwon sukari ba, saboda haka wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi.