Nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Jidda

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sauraro, idan aka tambayi masana harkar jiragen sama nisan da ke tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, za su ce kimanin kilomita 3,400 ne. Ina so mu duba yadda aka samo wannan adadi, da dalilin da ya sa jirgi kan yi tafiyar da ta fi haka.

Duniya ƙwallo ce, don haka ba a auna nisa da layin da aka ja a shimfiɗaɗɗiyar taswira. Ku ɗauki zare, ku kafa kansa a Kano a jikin ƙwallon taswirar duniya, ku ja shi ya miƙe har Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi gajarta. Za ku ga ya bi ta Cadi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Idan aka auna daga tsakiyar duniya, tazarar garuruwan biyu ta kusa digiri 31, kowane digiri kuwa kimanin kilomita 111 ne, kuma da wannan lissafi ne ake samun adadin da na ambata. Matuƙa jirgi su kan yi ƙirgensu da mil na teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, don haka a takardunsu za ku ga kusan 1,850.

Sai dai jirgi ba ya bin zaren nan daidai. Sararin samaniyar kowace ƙasa mallakinta ne, akwai hanyoyin da aka shata a cikinsa, kuma sai da izini ake ratsawa, ana kuma biyan kuɗi. Mun ga nauyin wannan a fili a shekarar 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyarta ana dab da jigilar alhazai. Dole jiragen Najeriya suka yi zagaye, tafiyar da a da ba ta cika wuce awa biyar ba ta ƙaru sosai, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera. A ganina ya kamata a riƙa yi wa maniyyata wannan bayani dalla-dalla, domin tsohon da ya sayar da shanunsa ya biya kujera yana da haƙƙin sanin abin da ya jawo ƙarin.

Abu na ƙarshe shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe goma na safe, ya yi awa biyar a sama, zai sauka ya tarar ƙarfe biyar na yamma ne a Jidda, alhali agogon hannunsa yana nuna ƙarfe uku.