Kunnen Sojan Isra'ila: Tarihin Runduna ta 8200

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu uku zan taɓo game da rundunar sojan Isra'ila da ake kira 8200, wadda aikinta saurare ne: tatsar maganganun waya da na rediyo, da warware saƙonnin da aka kulle.

Na farko, asali. A 1952 aka kafa ta, da tsofaffin na'urorin sojan Amurka, kayan gwanjo ke nan. Lambarta ta yi ta canzawa, 515, sannan 848, kafin 8200. Wannan ba sai mun daɗe a kai ba.

Amma 1967! Nan nake so ku ba ni aron hankalinku. Ranar 6 ga Yuni, kwana na biyu a yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Kwana ɗaya kafin nan Isra'ila ta ragargaza jiragen yaƙin Masar a ƙasa, yawancinsu ko tashi ba su yi ba. Sai shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya yi waya da Sarki Husaini na Jodan. Me suka tattauna? Yadda za su sanar da duniya cewa da hannun jiragen Turawa a harin. Har Nasir yana tambaya, a ce Amurka da Ingila, ko Amurka kaɗai? Shugabanni biyu fa! Su kuwa 'yan rundunar nan suna gefe suna naɗa. Isra'ila ta saki muryar, duniya ta ji. Magana zarar bunu ce, jama'a. Alhaji, kai da kake rufe cinikin shanu a waya, ka ji dai. To amma ku lura, sakin nan da tsadarsa, don ranar da ka nuna wa mutum kana jin sa, ranar zai sauya layi. Shugabanni biyu, a waya ɗaya!

Na uku, Oktoban 1973, Masar da Siriya suka shammaci Isra'ila da yaƙi duk da kunnen nan, har Siriya ta kame sansanin saurare na dutsen Harmon. 'Yan rundunar sun ji, fahimta ce ta gagari manya.

Na'am, 'yar'uwa? Tana tambaya ko su suka yi Stuxnet. To, a 2010 aka gano wannan muguwar manhaja. An tsara ta ne don kwamfutocin Siemens masu sarrafa injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran. Takan hargitsa gudun injin har ya lalace, allon ma'aikaci kuma yana nuna masa lafiya lau. Jaridun Amurka sun ce aikin haɗin gwiwar Amurka da Isra'ila ne, suna ambaton 8200, amma babu gwamnatin da ta fito ta amsa. An miƙo mini takarda wai lokacin salla ya yi, sai mu dakata nan.