Karayar ƙashin baya: me likita yake yi a ɗakin tiyata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku kai hannu ku shafa gadon bayanku daga wuya zuwa ƙugu. Ƙulle-ƙullen da kuke ji gaɓoɓin ƙashin baya ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun haɗe a ƙasa. Jere suke kamar 'ya'yan carbi, zaren da ya ratsa su kuma shi ne laka. Ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, har riƙe fitsari da bayan gida aikinta ne.

To, a ce birkila ya faɗo daga bene a unguwar Aboabo, ko babur ya kife da wani a unguwar Asawase a Kumasi. Ƙashin ya fi karyewa a mahaɗar ƙirji da ƙugu. Don Allah kada a zaunar da shi, kada a lanƙwasa shi a cusa a tasi. A kira 112, lambar gaggawa ta Ghana. In dole sai an ɗauke shi, a shimfiɗa shi a kan ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa. Kuma wannan ba karayar kai wa maɗori ba ce, domin ja da matsa na iya ƙarasa lakar da ta tsira.

A asibiti irin Komfo Anokye da ke Kumasi, sai an ɗauki hoto tukuna. Ba kowace karaya ake yi wa tiyata ba. Idan ƙashin yana zaune daram, rigar ɗaure baya ta makonni 8 zuwa 12 kan wadatar. Amma in gaɓar tana rawa, ko ɓaraguzan ƙashi sun danne laka, sai aiki. Likita zai tsaga ta baya, ya cire abin da ya danne ta, ya ɗaura kusoshin ƙarfen titaniyom a gaɓoɓin sama da na ƙasa da karayar, ya haɗa su da sanduna biyu, sannan ya dasa guntayen ƙashi a tsakani. Ƙarfen riƙo kawai yake yi. Ƙashin ne zai haɗe da kansa a cikin watanni.

Ga abin da nake so kowa ya ji da kyau: tiyata ba ta ɗinke lakar da ta tsinke. Wadda aka danne ake ceto, shi ya sa likitoci suke son a kai gare ta cikin awa 24. Jinkirin kwana uku ana shawara a gida ba ƙaramar asara ba ce.

Da irin kusoshin nan ake miƙar da bayan yaran da ya karkace, da ƙusumbin da tarin fuka ke jawowa idan ya ci ƙashi. Asibitin FOCOS da ke Pantang a Accra, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi, ya kafa aka buɗe a 2012, ya yi suna a wannan aikin.