Jirgin da ba shi da suna sai lamba

Jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin ruwan Portsmouth nake, kudancin Ingila. Fam talatin da wani abu jirgin ƙasa ya ci mini daga Landan, na zo ganin manyan jiragen ruwan yaƙi, sai ga wani ɗan ƙarami ya tsare ni kusan awa guda.

Ku duba gefensa. Babu suna! Lamba ce kawai, 102. Mu da ko kurar ruwa sai an rubuta mata "Allah ya kiyaye", a ce jirgin da ya ceci rayuka bai samu wanda zai raɗa masa suna ba? Wallahi abin ya ci mini rai. A 1936 aka ƙera shi a garin Hythe, nan Ingila, na sojan saman Birtaniya ne, aikinsa tsamo matuƙan jirgin sama da aka harbo suka faɗa teku. A 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya tsamo mutum 38, har da Jamusawa, waɗanda suka zo jefa wa Ingila bam. Bayan yaƙi kuwa sai aka mai da shi gidan kwana a kan ruwa, ana shanya wanki a kansa.

To ashe ƙananan nan sun yi yawan da ba a tsayawa raɗa suna, haruffan gaban lambar su ke faɗa maka aikin jirgi. Wannan HSL ne, mai gudun ceto. Akwai wani 102 ɗin daban, MTB, mai harba wa jiragen ruwa bam, wanda ya je kwaso sojoji a Dunkirk ta Faransa a 1940. Saura kaɗan in ce muku shi ne wannan, Allah ya rufa asiri na sake karanta allon.

Wancan mai ruwan toka kuma MGB 81 ne, mai ɗauke da bindigogi, na 1942. Shekara na zagayowa aka sauya masa lamba ya koma MTB 416. Wanda ya bi takardu da lamba ɗaya sai ya ɗauka jirgi ya ɓace.

Ina ganin 81 ɗin nan kakana ya faɗo mini. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce ta kai shi Bama. Tsohon nan ya manta sunayen jikoki, amma lambarsa ta soja tana bakinsa har ya koma ga Allah. In ya karanto ta sai ya ƙame, mu muna ta dariya. Allah ya jiƙansa.

Af, in za ku zo, kada rana ta ruɗe ku, ku ɗauko rigar sanyi, yatsuna sun daina jin wayar. Kuma kar ku ci dankali a fili. Tsuntsayen tekun nan sun fi shirwa rashin kunya, ɗaya ya fizge nawa na fam biyar ina tsaka da ɗaukar hoton lambar.