Kafin ka ɗaura wa motarka sufacaja

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata tambaya ce da ake ji a bakin masu sha'awar mota a nan Kaduna, musamman masu manyan injuna, silinda 6 ko 8: wace irin sufacaja ta dace da motar da mutum yake hawa kullum, da ita yake zuwa aiki, da ita yake kai yara makaranta, ran Juma'a kuma ya kama hanyar Zariya?

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san aikin zugazugi. Gawayin nan dai shi ne, amma da an zuga shi sai ya yi ja, ƙarfe ya yi laushi. Aikin sufacaja ke nan. Inji ba ya cin mai sai da iska, ita kuma tura masa iskar take da ƙarfi domin ya ƙona mai fiye da yadda zai iya da kansa. Bambancinta da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ke juya shi, ita kuwa da bel take karɓar ƙarfi daga injin kai tsaye. Asalinta ma daga wajen narkar da ƙarfe ne: wasu 'yan'uwa biyu masu suna Roots a jihar Indiana ta Amurka suka yi rajistar ƙirarsu a 1860 domin hura wutar tanderu, mota ta zo daga baya ta ara.

Wannan ƙira ta Roots tana nan har yau, kamfanin Eaton ya gyara ta, kuma ita ce a cikin Mercedes C200 Kompressor da muka saba gani a Ahmadu Bello Way, ita ce a Range Rover mai inji lita 5. Tana da 'yar'uwa mai sandunan murɗe guda biyu, ƙirar Alf Lysholm ɗan ƙasar Suwidin, irin wadda Whipple ke sayarwa, wadda kuma ke kan Dodge Hellcat mai ƙarfin doki 707. Halinsu ɗaya ne: duk juyi suna kwasar iska ma'auni guda, saboda haka da ka taka totur motar ta amsa, ko da injin yana juyi a hankali. Ɗaya nau'in, irin na Vortech da ProCharger, fanka ce mai gudun tsiya a cikin gida mai siffar katantanwa. Ita sai injin ya yi sama take nuna kanta. A ƙasa kusan ba ka san da ita ba.

To, ina motarka take yini? Idan tsakanin Kawo da Kasuwar Barci ne, tashi ka tsaya, ga Keke Napep ga 'yan acaba, injinka ba kasafai yake wuce juyi 3,000 a minti ba. A nan Roots ko murɗaɗɗiyar ce za ka ji amfaninta, kuma ita zan zaɓa wa motar yau da kullum. Galibinsu suna da wata ƙofa da ke barin iska ta zagaye idan ba ka taka sosai ba, don haka shan mai bai cika tashi ba a tafiyar lalama. Amma ba zan zalunci mai fanka ba. Da yake ƙarfinta a hankali yake hawa, ta fi tausaya wa fistan da giya, iskarta ba ta cika zafi ba, kuma ta fi sauƙin samun wuri a ƙarƙashin bonet. Mai yawan zirga-zirgar Abuja ya dube ta da kyau.

Sai dai abin da ya fi damuna ba zaɓin nan ba ne. Mai ne. Kayan da ake odarsu daga Amurka za ka ga an rubuta a takardarsu cewa a zuba fetur mai lamba 91 ko 93, wato lambar da ke nuna yadda man yake jure matsi ba tare da ya kama da wuta kafin lokacinsa ba. Mutum ya tambaya, a ce masa ai fetur ɗin Najeriya ma 91 ne, sai hankalinsa ya kwanta. Ba ma'auni ɗaya ba ne. Namu ma'aunin da ake kira RON ne, nasu kuwa wani lissafi ne dabam. 91 ɗinmu ya yi daidai da kusan 87 a wajensu, wato man talakawan motoci, 91 ɗinsu kuma ya kai kusan 95 a namu. Idan ka cusa iska mai yawa a kan man da bai kai ba, yakan kama da wuta tun kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ce ke cinye fistan, ta ƙona gasket, daga nan sai bakanike ya ce maka, ranka ya daɗe, inji ya buga. Ba mu kuma manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci da dama suka lalace.

Ga kuma zafi. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, mu kuwa a Maris da Afrilu rana takan doshi digiri 40. Don haka kada ka yarda a sayar maka da sufacajar da ba ta da abin sanyaya iska kafin ta shiga inji. Wannan ba ado ba ne. Lagireto ma a duba shi, fankar ta kasance lafiya, kuma wannan al'ada tamu ta cire tamostat da an kawo mota daga Kwatano a bar ta a nan, domin kwamfutar motar da zafin ruwa take lissafin man da za ta bayar. Hunturu shi ma da nasa: ƙurar da ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, idan matatar iska ta yi sakaci, ita ce ke goge sandunan nan da ke juyi dab da juna, tazararsu ba ta fi kaurin gashi kaɗan ba. Buɗaɗɗiyar matatar nan mai siffar mazurari da samari ke so saboda ƙara, ba ta garin nan ba ce.

Shawarata ita ce a tsaya a ƙarin matsin iska na psi 5 zuwa 7, psi kuwa shi ne ma'aunin matsin iska. Matsin iskar da ake shaƙa a bakin teku psi 14.7 ne, ka ga 7 kusan ƙarin rabi ke nan, kuma ko bayan an cire abin da na'urar ke ci, domin ita ma tana ci, ta Hellcat kaɗai tana kwashe ƙarfin doki kusan 80, abin da ya rage ya ishi kowa wuce tirela a hanyar Zariya. Za a zo a ce maka a sa ƙaramin fuli, wato faifan da bel ke juyawa, ƙarfi ya ƙaru. Gaskiya ne zai ƙaru, zafi ma haka, bel kuma ya fara zamewa. Ka ƙi.

Ba na shakkar hannun mutanen Panteka, kasuwar maƙera ta nan Kaduna. Abin da aka gagara samu a kanti su sukan ƙera shi, kuma ɗaura ƙarfe a kan ƙarfe ba zai gagare su ba. Amma rabin aikin nan a kwamfuta yake. Dole a sake saita ƙwaƙwalwar motar a kan man da muke da shi, a ja lokacin tartsatsin fulogi baya, a sa nozul da famfon mai da za su iya ciyar da ita. Idan ba ka sami wanda ya san wannan ba, kuma zai zauna da kai a gwada motar da tsakar rana yana kallon alƙaluma, to ka haƙura ka nemi wadda ta fito da sufacajarta daga kamfani, irin su Audi mai lita 3 ko Jaguar, inda aka yi fistan da giya da lagireto domin wannan nauyi tun farko, ko da yake su ma mai mai kyau suke so.

A lissafa har da birki da taya, domin motar da iyali ke shiga ce. A lissafa da kuɗin mai, wanda tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa ya san yadda yake. Sannan ka sayi bel na biyu ka ajiye a but, don ba kowane shago ne ke da irinsa ba.